Rabin gudun fanfalaki, gudun daji, ga kuma yara a gida: tambayoyin da ake yawan yi min

Tun da na fara gudu da gaske mutane suke yi min tambayoyi kusan iri ɗaya, wasu a waya wasu ido da ido bayan mun gama tirenin, wai ya kake yi ne, ga aiki ga mata ga yara uku amma kullum a ganka da takalmin gudu. Gaskiya ba kullum bane, kwana uku ne a sati wani lokacin huɗu, kuma ban kai ga wannan tsarin ba sai da na yi kurakuran da suka taɓa gidana. Toh shi ne na tattara tambayoyin wuri ɗaya. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu amma maganar har da mata, wata tambayar ma tasu ce zalla.

Wai nawa ne nisan rabin fanfalakin nan, kuma mai iyali zai iya?

Kilomita 21.1 ne, rabin cikakken fanfalaki kenan wanda yake kilomita 42.195. Zakarun duniya maza suna gama shi ƙasa da awa ɗaya, a mata kuma Letesenbet Gidey 'yar Habasha ta yi shi cikin awa 1 da minti 2 da sakan 52 a 2021. Mu da muke yi don lafiya da jin daɗi, awa biyu zuwa biyu da rabi shi ne gama-gari, kuma babu abin kunya a ciki.

A ganina shi ne nisan da ya fi dacewa da mai iyali. Dalili kuwa gudu mafi tsawo da za ka yi a tirenin ɗinsa da wuya ya wuce awa biyu, ka fita da asuba ka dawo yara ma ba su gama wartsakewa daga barci ba. Cikakken fanfalaki kam sai ka dinga gudun awa uku ko fiye a ƙarshen mako, ka dawo ka wuni a kwance kamar mara lafiya, ranar gaba ɗaya ta tafi kenan.

Kwana nawa zan dinga fita a sati?

Uku sun isa. Na san za ka ga filan, wato jadawalin tirenin, a intanet mai kwana biyar ko shida, ba ƙarya suka yi ba, amma ba su san gidanka ba. Filan ɗin da za ka iya riƙewa sati goma sha biyu a jere ya fi wanda za ka watsar a sati na uku.

Ga yadda nake raba nawa. Rana ɗaya gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 45, sauƙin da za ka iya hira da wani kana gudu ba tare da haki ya katse maka magana ba. Rana ta biyu mai ɗan zafi, ka ɗumama jiki minti goma sannan ka yi gudu da ƙarfi minti uku ka sassauta minti biyu, ka maimaita sau biyar ko shida, ko ka samu ɗan tudu ka yi ta hawa kana saukowa a hankali. Rana ta uku ita ce doguwar, ita ce uwar tirenin ɗin duka, in za ka rasa wata kar ka rasa ita. Ka fara da kamar kilomita 8, kowane sati ka ƙara ɗaya ko biyu, sati na uku ko na huɗu ka rage don jiki ya huta, har ka kai 16 zuwa 18 saura sati biyu ko uku a yi tsere. Ba sai ka yi 21 ɗin a tirenin ba.

Wannan lissafin na sati 12 na wanda zai iya gudun kilomita 5 ne ba tsayawa. In ba ka kai nan ba ka ba kanka wata huɗu ko biyar, ka fara da haɗa gudu da tafiya, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a hankali gudun zai cinye tafiyar.

In ka haɗa duka awa uku zuwa huɗu ne a sati. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa kowane baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kaga ba wani wuce gona da iri kake yi ba.

Ni fa ban da lokaci ko kaɗan, a ina zan samo shi?

Mafi yawan iyayen da na sani da asuba suke fita, saboda shi ne lokacin da babu mai nemanka. Jasmin Paris, likitar dabbobi 'yar Birtaniya, a Janairun 2019 ta lashe wani tseren tsaunuka na kusan kilomita 430 a tsakiyar hunturu, ta doke maza gaba ɗaya, kuma a wuraren yada zango tana tatsar nono saboda tana da ƙaramar 'ya a lokacin. Yawancin tirenin ɗinta tun kafin gari ya waye take yi, kafin aiki da kafin yarinya ta tashi. Ba ina cewa ka zama ita bane, abin da nake so ka gani shi ne lokacin da ta zaɓa, da kuma cewa mijinta ma ɗan gudu ne ya san abin da ake ciki.

Amma gudun asuba tun daren jiya yake farawa. Ka ajiye kaya da takalmi da tocila a bakin ƙofa, ka cika gorar ruwa, ka ajiye waya ka kwanta da wuri, don in ka kai sha biyun dare kana latse-latse toh barcinka ka sata ka ba gudu, kuma ba za a je ko'ina ba a haka.

In asuba ba ta yiwuwa akwai guntayen lokuta da muke barin su suna zubewa. Hutun rana a wurin aiki minti 30 ya isa gudu mai zafi. Wani ya dawo gida daga aiki da gudu rana ɗaya a sati. In ka kai yaro wani darasi ko wasan ƙwallo na awa ɗaya, maimakon zaman jira ka zagaya unguwar ka dawo kafin a tashe su. Minti 20 ma gudu ne, kar ka raina shi.

Matata (ko mijina) ba ta jin daɗin yadda nake ɓacewa ranar hutu, ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka muhimmanci shi ya sa zan daɗe a kanta. Duk awa biyun da ka yi a waje kana gudu, wani ne ya riƙe maka gida a wannan awa biyun. Yaro ya yi kuka wani ya ɗauke shi, sun yi faɗa wani ya raba, an zubar da abu wani ya goge. In ba ka ga wannan ba toh tirenin ɗinka a kan gajiyar wani yake tafiya.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren. Saura sati uku tsere, filan ya ce ranar kilomita 18 ce, ƙaramarmu ta kwana da zazzaɓi, matata ba ta runtsa ba, ni kuma na tashi na ɗaure takalmi na ce yanzu zan dawo. Na dawo bayan awa biyu da rabi na tarar da ita zaune da yarinya a cinya ko kallona ba ta yi ba. Ba ta yi faɗa ba, shirun ne ya fi min ciwo, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Tseren na gama shi amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Daga nan muka canja tsari. Kafin na yi rajistar kowane tsere sai mun zauna mun duba kalanda tare, na nuna mata satittikan da gudun zai yi tsawo, ta nuna min ranakun da ba za a taɓa ba, in watan ya yi cunkoso a haƙura da tseren a nemi wani. Duk daren Lahadi kuma mu duba satin da za a shiga. Sannan lokacin da na ɗauka sai na biya shi, in na yi awa biyu da safe ita ma tana da awa biyunta cur, ta fita ko ta yi barci ko ta yi duk abin da ranta yake so, yara suna hannuna kuma ba na kiranta in tambayi ina kaza yake. Abu na ƙarshe wanda mutane suke mantawa, in na ce zan dawo ƙarfe takwas toh takwas ɗin ne, kuma in na dawo na dawo kenan, wanka in ci abinci in karɓi yara, ba in miƙe a kujera in ce na gaji ba. Gajiyar ni na je na nemo ta.

Ga matan da suke gudu abin yakan fi nauyi, don sau da yawa ko an ce musu su fita zuciyarsu tana gida, suna jin kamar sun yi laifi. 'Yar'uwa, awa uku a sati da kika ba lafiyarki ba laifi bane. Ku zauna da maigidan ku yi wannan lissafin na kalanda, ki faɗi ranakunki a fili a rubuta su kamar yadda ake rubuta ranar ganin likita.

Ina son gudun daji da tsaunuka, ba zai ɓata min shirin tseren kwalta ba?

Ba zai ɓata ba, taimaka maka ma zai yi. Hanyar ƙasa ta fi kwalta laushi a ƙafa, kuma saboda kowane taku daban yake, nan dutse nan saiwa nan yashi, ba wuri ɗaya ne yake shan duka ba kullum, ga idon sawu da cinya da ƙugu duk suna ƙara ƙarfi. Hawan tudu kuma yana gina numfashi sosai. Banda wannan akwai abin da daji yake yi wa kan mutum, ka fito daga hayaniyar gida da ta ofis ka ji shiru sai takunka da kukan tsuntsaye, ni wallahi ina dawowa da haƙurin da ban fita da shi ba, yarana ma suna ganewa.

Sai dai ka daina lissafi da kilomita in ka shiga daji, ka koma lissafi da lokaci. Masu shirya irin waɗannan tseren suna ƙiyasta cewa hawan mita 100 kamar ƙarin kilomita ɗaya ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kaga kilomita 12 mai hawan mita 500 ya kusa kai wahalar 17 a kwalta. In filan ya ce 16 kuma ka saba yinsa cikin minti 100, toh ka yi minti 100 a daji ka juya ko nawa agogo ya nuna. Wannan ma shi zai sa ka cika alƙawarin lokacin dawowa gida. In hawa ya yi tsauri ka taka da ƙafa, ƙwararru ma haka suke yi. Gangara kuma ka bi ta a sannu da farko, ita ce take sa cinya tsami kwana biyu bayan gudu, saboda tsoka tana taka birki ne tana miƙewa a lokaci guda.

Matsalar daji ga mai iyali ita ce zuwa da dawowa. Gudun awa ɗaya da rabi in ka haɗa da mota sai ya zama rabin yini. Ni sati biyu sau ɗaya nake kai dogon guduna daji, sauran a kusa da gida. In tseren kwalta ya rage wata ɗaya kuma sai na fi zama a kwalta don ƙafa ta saba da taurinta kuma na san saurin da zan riƙe, kuma satin ƙarshe ba na shiga duwatsu sam, targaɗe ɗaya ya isa ya rushe aikin wata uku.

Ba haɗari bane shiga daji kai kaɗai?

Akwai haɗari, kuma tunda akwai masu jiranka a gida ba ka da damar ganganci. Ka faɗi inda za ka da lokacin da za ka dawo, waya ta cika da caji, ka kunna abin nan da yake nuna wa wani inda kake, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake ganin za ka sha. Sabuwar hanya kar ka fara ta cikin duhu ko kai kaɗai. Abin sauraron waƙa ka cire ko ka bar kunne ɗaya a buɗe. In hadari ya haɗo kana kan tudu ka sauko, in wurin ba ka yarda da tsaronsa ba kar ma ka je.

Yaro ba lafiya na rasa sati guda cur, in rama ne?

A'a, kar ka rama. Sati ɗaya ba ya rushe abin da ka gina, jiki ba ya mantuwa da wuri haka. Ka koma kan satin da ka tsaya ka maimaita shi. In sati biyu ne ko fiye ka koma baya kaɗan ka sake hawa. Haɗa gudun kwana huɗu cikin kwana biyu shi ne hanyar da ta fi saurin kai mutum ga ciwon gwiwa ko na ƙwauri ko na agara.

In kai ne ka kamu, don yara suna kawo mana duk abin da suka ɗebo a makaranta, mura ce ta hanci kawai za ka iya ɗan gudu mai sauƙi, amma zazzaɓi ko tari daga ƙirji ko ciwon jiki toh ka kwanta har ka warke.

Jariri ba ya barinmu barci, in ci gaba da tirenin?

Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barcin ne jiki yake gyara abin da gudu ya ɓata. In ka kwana biyu a jere kana samun awa huɗu, barci ya fi maka gudun, ko ka mai da na zafin ya zama minti 25 a hankali. Ni watannin farko na kowane jariri ba na sa tsere a gaba, ina ɗan fita ne kawai don kar ƙafa ta manta. Tsere yana nan kowace shekara.

Na haihu, yaushe zan koma gudu?

Likitanki ne zai yanke, musamman in aiki aka yi miki. Amma wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi da tsoka a Birtaniya sun fitar da jagora a 2019 da ta ce a jira aƙalla sati 12 kafin a koma gudu, a cike wannan lokacin da tafiya da atisayen ƙarfafa tsokar ƙasan mara. In kin fara kuma kika ga fitsari yana zubowa, ko kika ji nauyi a ƙasan mara, ko ciwo, ko jini ya dawo, ki tsaya ki koma asibiti, ba abin daurewa bane. Za ki ji ana ba da labarin Paula Radcliffe da ta lashe fanfalakin New York a 2007 kusan wata goma bayan haihuwa, gaskiya ne, amma a wannan shekarar ita ma sai da ta samu tsagewar ƙashi a ƙasan bayanta, kuma tana da likitoci a kanta kullum. In kina shayarwa ki shayar ko ki tatsa kafin ki fita, ki sa rigar nono mai riƙewa sosai, ki ƙara ruwa da abinci.

Zan iya haɗawa da yaran?

Sosai ma, kuma shi ne ɓangaren da na fi so. Akwai keken tura jariri da aka yi musamman don gudu, amma sai wuyan yaro ya yi ƙwari, yawanci ana cewa daga wata shida zuwa takwas, kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya banda gargada. Babban ɗana yana bina a kan kekensa in zan yi mai sauƙi, shi yake riƙe min ruwa, kuma a wannan minti arba'in ɗin yake ba ni labaran makaranta da ba ya faɗa a gida. Wani lokacin kuma mu je daji gaba ɗaya, ni in yi guduna awa ɗaya su suna tafiya a ƙaramar hanya da mamansu, in na dawo mu yi musanya. Abin da ba na yi shi ne tilasta musu, kuma ranar gudu mai zafi ba na ɗaukar kowa don hankalina ba zai rabu biyu ba.

Dole sai na shiga wurin ɗaga ƙarfe?

Ba dole. Minti 15 sau biyu a sati a tsakar ɗaki ya isa, tsugunne-tashi, hawa da sauka a matakala da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya, tsayawa da ƙafa ɗaya kana goge baki saboda idon sawu. Yara ma in sun gani sai su shigo ciki.

Kaya fa, me zan saya?

Takalmi mai kyau da ya yi maka daidai, shi ne kawai dole. Yawanci yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin ya mutu. In dajin da kake shiga hanyar ƙasa ce mai kyau wannan ɗin ma ya isa, sai in akwai laka da duwatsu ne za ka nemi mai haƙora a ƙasa. Agogo mai tsada zai iya jira, waya tana yin aikin.

Satin tsere da ranar tsere, ya zan tsara gida?

Kwana goma zuwa sati biyu kafin tsere ka rage gudu kusan rabi, lokacin da ya rage maka ka mai da shi gida. Kar ka gwada sabon takalmi ko sabon abinci ranar, abin da ka saba ci kafin dogon gudu shi za ka ci, awa biyu zuwa uku kafin a tashi. Tunda gudun zai wuce minti 90 ka riƙe ɗan abu mai zaƙi da ka riga ka gwada a tirenin, ka dinga kurɓar ruwa a hanya, kuma kilomita biyar na farko ka danne kanka ko da kana jin ƙarfi, jama'a da hayaniya suna sa mutum ya zarce saurinsa ya zo ya biya a kilomita 17.

In iyali za su zo kallo kar ka sa su tsaya tun farko, awa biyu a tsaye da ƙananan yara wahala ce ga wanda yake riƙe da su. Ka ƙiyasta lokacin da za ka iso ka ce su zo saura minti 20, ku zaɓi wurin haɗuwa takamaimai tun daren jiya don waya takan ƙi shiga a cikin taro, a sa musu ruwa da abin taɓawa a jaka. Washegari kuma ƙafa za ta yi tsami sosai, saukowa matakala ma aiki ne, saboda haka tun kafin ranar ku shirya wanda zai kai yara makaranta.